Yadda ake saita chakra ta ƙasan cibiya don samun natsuwa

A yoga, wato salon motsa jiki da numfashi na Indiya, ana lissafa muhimman wurare bakwai a jiki, ana kiran kowace chakra. Ta biyu, Svadhisthana, tana wajen mara, kuma da ita suke danganta sha'awa, jin daɗi da hawa da saukar zuciya. Alamarta ruwa ce da furen bado mai ganye shida. Likita ba zai tsaga ciki ya same ta ba, wuri ne kawai da ake tattara hankali a kansa. Launin ruwan lemo da ake tallata ta da shi ma a ƙarni na 20 Turawa suka yayata shi, don haka kada ka zubar da kuɗi a kan duwatsu da kyandir masu launin. Tabarma da filo sun isa.

Zauna a bakin filon, ka haɗa tafin ƙafafunka, gwiwoyi su buɗe gefe da gefe. Sunan wannan zama baddha konasana.

A nan sababbi suke ɓata aikin. Sai ka ga mutum ya dafa gwiwoyinsa yana danna su ƙasa da ƙarfin tsiya, haƙora a cije, mara a ɗaure tamau, numfashi ya maƙale a ƙirji. Wurin da ake so ya saki shi ya ƙulle. Bar gwiwar inda ta tsaya, ko da tana sama, ka tokare ta da tsumma. Ɗora tafin hannu ƙasan cibiya, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta kana ƙirga shida. Hannun ne zai riƙa tasowa. In kafaɗa ce ke motsi, kwanta rigingine ka sake gwadawa, ciki ya fi saurin sakewa a haka. Minti biyar, kuma kafin cin abinci, ba bayansa ba.

Daga nan ka miƙe tsaye ka juya ƙugu a hankali, dama da hagu. Masu bin tsarin Hindu suna maimaita kalmar "vam" a wannan gaɓa. Tana da alaƙa da ibadarsu, ni dai ba na koyar da ita, numfashin yana aiki ba tare da ita ba.

Mai ciwon gwiwa ya tsaya a kwanciyar. Wanda ƙunci ya hana shi barci da cin abinci makonni kuwa, asibiti zai fara zuwa.