Yadda ake gane solonoyid ɗin giyar otomatik ya maƙale, da yadda ake gyara shi

Ka taso daga Birnin Kebbi za ka Jega, ka fita gari, sai mota ta ƙi shiga giya ta gaba. Inji na kuka, gudu ba ya ƙaruwa, ko kuma ta riƙa shiga da fizga. Kafin wani ya ce maka giyabos ya mutu sai an nemo ɗan Beljiyam, dakata tukuna. Sau da yawa laifin solonoyid ne.

Shi ɗan bawul ne mai naɗin waya. Ƙwaƙwalwar mota ta aiko masa da wuta, ya zama maganaɗisu, ya buɗe hanyar man giya ko ya rufe ta, matsin man nan kuwa shi ke canja giya. In ƙwaƙwalwar ta ga bai amsa ba, takan kulle motar a giya ɗaya, yawanci ta uku, don ta lallaɓa zuwa gareji.

Fara da man giya. A Toyota mai gejin man giya, ana zaro gejin mota na kunne, ta yi zafi, tana kan P a wuri mai daidai. A Honda sai an kashe inji sannan a duba nan take. Mai lafiyayye ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, ka kusa gano bakin zaren, domin zafin Afrilu na Kebbi, da ke haura digiri 40, ba ya raga wa tsohon mai. In ya gaza, cika shi ka sake gwadawa. Wani lokaci iyakarta ke nan.

Sai a jona kwamfutar gwaji. Nan ne kanikawa da yawa ke gaggawa, da sun ga lamba sai sayen kaya. P0700 ba ta faɗi komai ba, tana nuni ne kawai cewa a duba giya. Solonoyid ɗin ba ɗaya ba ne, akwai A, akwai B. P0751 na nufin solonoyid A ba ya aiki daidai ko ya maƙale a kashe, P0752 ya maƙale a kunne, P0753 kuwa matsalar wuta ce. Na B su ne P0756, P0757 da P0758. Bambancin nan shi ne komai. In lambar wuta ce, aikin mai rewaya ne: ya zare soket ɗin jikin giya, ya duba tsatsa, mai da ya shiga ciki, ko wayar da ɓera ya ci. Sannan ya ɗora mitar awon wuta a kan solonoyid ɗin. A yawancin tsofaffin Toyota, solonoyid mai kunnawa da kashewa yana ba da om (ma'aunin turjiyar waya) 11 zuwa 15, mai daidaita matsin mai kuma wajen 5. In mita ba ta motsa ba, naɗin ya tsinke, wanki ba zai tashe shi ba.

In wuta lafiya, to wataƙila datti ne. Cire kan batir, tsiyaye mai, kwance kaskon ƙasan giya. Dubi maganaɗisun da ke cikinsa: laushin toka-toka ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli yana nufin ɓarnar ta wuce solonoyid. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, don notocin ba tsawonsu ɗaya ba. Masu tsohuwar Honda Accord sun huta, wasu solonoyid ɗinta a waje suke.

Zaro solonoyid ɗin, ka taɓa masa batir na ɗan ƙiftawa. Lafiyayye zai ce ƙas. Mai daidaita matsi kada ka bar shi a kan batir, zai ƙone. Wanke shi da feshin wanke kayan lantarki, ka busa ɗan rariyar bakinsa da iska, ka sake gwadawa. In har yanzu shiru, ko yana yi yana fasawa, canja shi da mai lamba iri ɗaya. In kuwa yana ƙas amma matsalar na nan, bawul ɗin cikin farantin hanyoyin mai ne ya cije.

Mayar da komai da sabuwar filta da sabon gasket, kada a lafta gam. Zuba man da kamfani ya ce, T-IV ko WS ga Toyota gwargwadon shekararta, DW-1 ga Honda, ba duk jan man da ke cikin galan a bakin titi ba. Goge lambobin, ka hau hanyar Argungu har giya ta yi zafi ta shiga kowace, sannan ka dawo a sake jona kwamfuta a leƙa ƙasan kasko ko yana ɗiga.