Yadda ake durƙuso a Cocin Katolika

1. Da shigarka, tsoma yatsa cikin ruwa mai tsarki, ka yi alamar gicciye.

2. Kafin ka zauna, duba inda fitila ke ci kusa da bagade, nan ake ajiye Jikin Kristi, wato gurasar da aka tsarkake. Fuskanci wurin, ka kai gwiwar dama har ƙasa, bayanka a miƙe, sannan ka tashi a natse. Kada ka yi rabi-rabi, durƙuson gaggawa ba ya da kyan gani.

3. Miƙe idan Fada, wato limamin cocin, ya shigo, haka ma lokacin karanta Bishara. Wa'azi a zaune ake sauraronsa.

4. Sa'ad da Fada ke tsarkake gurasa da ruwan inabi, durƙusa da gwiwa biyu. Mai ciwon gwiwa ya sunkuya sosai, ya wadatar.