Yadda Ake Saukar da Corsair a Kan Jirgin Ruwa a Wasan Kwamfuta

F4U Corsair, jirgin yaƙin sojan ruwan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, yana da dogon hanci. In ka miƙo kai tsaye ta bayan jirgin dakon jirage, hancin zai rufe maka dandalin sauka ƙurmus. Matuƙan sojan ruwan Birtaniya ne suka saba da dabarar shigowa a karkace, ita kuma za ka bi a wasan IL-2 Sturmovik 1946.

1. Ka wuce ta gefen jirgin ruwan, yana hagunka, kana fuskantar inda ya baro. Rage totur.

2. Sauke tayoyi, da faifan bayan fiffike, da ƙugiyar wutsiya. Duba ƙugiyar sau biyu, don ita ce za ta cafki igiyar ƙarfen da aka gitta a kan dandali don tsayar da jirgi.

3. Da ka zo daidai ƙarshen jirgin ruwan, fara juyawa hagu a hankali, kana gangarowa. Riƙe allurar gudu wajen 90 a ma'aunin knot, wato ma'aunin gudun jiragen ruwa da na sama. Nan ne aikin yake. Kada ka ɗauke ido daga dandalin, ta gefen hagu na hancin za ka riƙa hango shi har ka kusa isa. In gudu ya yi ƙasa sosai, fiffiken hagu ne ke fara faɗuwa, ba kuma gargaɗi. Kada ka banka totur gaba ɗaya don tsoro: injin mai ƙarfin doki 2,000 zai iya kifar da kai. Ƙara kaɗan-kaɗan.

4. Daidaita fikafikai dab da dandali, janye totur, ka ɗan ɗaga hanci ƙugiya ta kama.

In ka ga shigowar ba ta yi ba, tun daga nesa ka ƙara wuta ka sake zagayowa.