Yadda Ake Amfani Da Aksil Mai Ɗagawa A Tirelar Flatbed

Wannan taya da kake ganin ta rataye a sama a jikin wasu tireloli masu shimfiɗaɗɗen bodi, irin na ɗaukar kwantena da rodi, ba lalacewa ta yi ba, direba ne ya ɗage aksil ɗin, wato ƙarfen da tayoyin ke jikinsa. Yawanci tirelolin da aka shigo da su daga Turai ne masu aiki da jakar iska maimakon sifirin, za ka ga an rubuta sunan kamfani BPW ko SAF a jikin aksil ɗin, bawul ɗin kuma WABCO ko Haldex.

Ka'idar ba ta da wuya, in ba kaya ka ɗaga, in an yi lodi ka sauke. In ka sauke kaya a Kano za ka koma Legas wayam, meye amfanin taya shida ko goma sha biyu suna ta gogar kwalta? Ɗaga guda ka huta, tayar za ta daɗe, gas zai ɗan ragu, kwana ma ta fi daɗin sha don tirela mai aksil uku jan taya take yi a ƙasa duk sanda ka karya kan mota.

Kafin ka taɓa makunnin ɗaga aksil ɗin duba agogon iska tukuna, in tanki bai cika ba aksil ɗin zai tsaya rabi da rabi, bai hau ba bai sauka ba, kuma wannan ne ke cinye taya gefe ɗaya. Saukewa kuma a tsaye ake yi ko ana tafiya a hankali, in ka dire tayar da ba ta juyawa a kan kwalta kana gudu to ka ƙone mata wuri ɗaya.

Inda mutane ke cutar kansu shi ne in mota na da lodi. Wasu motocin da kansu suke sauke aksil da zarar nauyi ya kai, sai ka ga bakanike ya toshe bawul ɗin wai don a adana taya biyu, alhali aksil irin wannan yawanci tan 9 aka yi shi ya ɗauka, nauyin da uku za su raba ka jibga wa biyu, jakar iska ta fashe, birki ya yi zafi, sasi ya fara tsagewa. Ga kuma sikeli, masu shiga Nijar sun san da dokar 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, aksil-aksil ake aunawa. Lokaci ɗaya ne kawai ake ɗaga aksil na gaba alhali akwai kaya, in tayar kan mota na sulɓi a laka ko hawa, nauyin ya koma kanta ta kama ƙasa, a Turai ma ba a yarda a wuce kilomita 30 a awa a haka ba, kana fita ka mayar.

Kullum da safe a zubar da ruwan tankin iska, a shafa ruwan omo a tiyo da jaka, inda ya yi kumfa nan yake yoyo.

Sannan don Allah oga ka ja kunnen yaron mota, kar ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin aksil ɗin da ke sama, da yawansu ana kashe mota ko iska ta zube suke faɗowa da kansu. Bakanike ma sai ya sauke shi ko ya tokare shi kafin ya shiga.