Yadda ake duba man ƙaramin jirgi kafin tashi

Ko da furfura ka fara koyon tuƙin jirgin sama, malaminka ba zai ɗauke maka wannan aikin ba. A ce Cessna 172 ce.

1. Ɗauki ƙaramin kofin gwaji mai tsinke a tsakiya, ka shiga ƙarƙashin fiffike. Tura tsinken cikin bawul ɗin tsiyaye mai na tankin da ke cikin fiffiken, mai zai zubo.

2. Ɗaga kofin ka haska shi da rana. Man Avgas 100LL, wato man da wannan jirgin ke sha, shuɗi-shuɗi ne. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a gindin kofi, wani lokaci 'yan ɗigo ne kawai. In kana sa tabarau, nan ne amfaninsa. Idan kuma kofin ya fito garau babu launi, kada ka saki jiki, mai yiwuwa ruwa ne zalla.

3. Ka ga ruwa ko datti? Ci gaba da tsiyayewa har ya tsarkaka, sannan ka sanar da malami.

4. Bi kowane bawul. Ƙirar 172S tana da 13, uku a ƙarƙashin ciki, dole sai an durƙusa. Gwiwa za ta yi ƙorafi, ka ƙyale ta.

5. Hau ka leƙa cikin tanki da idonka, ka ɗaure murfin tam.