Yadda Ake Lissafa Faɗa-Wuta a Lambu a Farkon Bazara

1. Zaɓi dare mai ɗumi da gajimare, marar iska. Farin wata yana rage kamu.

2. Da magariba, ɗora fitila a kan akwati mai ƙunƙuntar ƙofa. Jera kwalayen ƙwai a ciki, nan faɗa-wutan da hasken ya jawo za su lafe.

3. Buɗe da asuba a inuwa, kafin rana ta gasa su. Ɗaga kwali ɗaya-ɗaya, ka ɗauki hoton kowane faɗa-wuta. Kar ka taɓa fiffike, garin da ke kansa gogewa yake, da shi kuma ake gane iri.

4. Rubuta kwanan wata, iri da adadi.

5. Sake su da yamma cikin ciyayi, inda tsuntsu ba zai gani ba.