Kurakuran da masu koyon labarin ƙasa suke maimaitawa game da koguna, tsaunuka da tekuna

Na daɗe ina duba takardun ɗalibai masu fara karatun labarin ƙasa, kuma kurakuran da nake cin karo da su kusan iri ɗaya ne kowace shekara, har nakan san inda ɗalibi zai yi tuntuɓe tun kafin in kai ga amsarsa. Yaran suna da sunaye da alƙaluma a ka, amma ba kasafai suke sanin da wane ma'auni aka auna abin da suka haddace ba.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cakuɗa tsawon kogi da yawan ruwansa. Kogin Nilu yana da tsawon kimanin kilomita 6,650, Amazon kuwa kimanin 6,400, ko da yake masana suna jayayya a kan wannan saboda saɓani game da ainihin mafarin Amazon. A kan yawan ruwa kuwa babu jayayya ko kaɗan, domin Amazon yana zuba fiye da kyubik mita 200,000 a cikin Tekun Atlantika a kowace daƙiƙa, alhali matsakaicin abin da Nilu yake ɗauka bai kai 3,000 ba. Na biyu a yawan ruwa ma ba Nilu ba ne, Kogin Kwango ne. Na taɓa raka ɗalibaina wata gasar kacici-kacici bayan mun sha wahalar shiri, aka tambaye su kogin da ya fi kowanne ɗaukar ruwa a duniya, babbansu ya yi wuf ya ce Nilu tun mai tambaya bai rufe baki ba, kuma a kan wannan amsa aka fitar da mu. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin yaron ya san duka kogunan biyu, gaggawa ce da hadda marar fahimta suka kayar da shi. Tun daga lokacin ba na karɓar sunan kogi tsuransa, sai an rubuta a gefensa ko tsawo ake nufi, ko yawan ruwa, ko faɗin ƙasar da take malalo masa ruwa.

Kuskure na biyu ya fi muni, kuma manya ma suna faɗawa cikinsa: zaton cewa koguna daga arewa suke gangarowa zuwa kudu, don kawai an rataya taswira a bango arewa tana sama. Wannan lalaci ne na tunani, kuma ba na yi wa kowa uzuri a kansa. Ruwa daga tudu yake bin gangare zuwa kwari, babu ruwansa da yadda aka buga taswira. Farin Nilu yana fitowa daga yankin Tafkin Biktoriya, Shuɗin Nilu daga Tafkin Tana na Habasha, su haɗu a Khartoum, sannan su miƙe arewa ta Masar zuwa Bahar Rum. Shi ya sa yankin da ake kira Masar ta Sama yake a kudu, abin da yake rikita duk wanda bai gane wannan ba. Kogin Kwara ya fi kowanne tona asirin mai wannan zato: yana tasowa daga tuddan Gini, 'yan ɗaruruwan kilomitoci kawai daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi arewa maso gabas har kusa da Tumbuktu, ya yi kwana zuwa kudu maso gabas, ya karɓi Binuwai a Lokoja, bayan tafiyar kusan kilomita 4,200 ya faɗa Atlantika. Turawa sun yi ta kirdado a kan inda yake ƙarewa har zuwa 1830, lokacin da Richard Lander da ƙaninsa John suka bi shi zuwa bakin teku. Maganina shi ne nakan sauke taswirar da take nuna tudu da kwari in shimfiɗa ta a ƙasa, in sa ɗalibi ya ɗora yatsa a inda launi ya yi ruwan ƙasa, ya bi kogin har inda ya koma kore.

A kan tsaunuka ma matsalar ma'auni ce. Everest, mai mita 8,848.86 bisa awon da Nepal da Sin suka sanar a 2020, shi ne kan gaba idan an auna daga saman ruwan teku. Idan daga gindin dutse za a fara awo, Mauna Kea na Hawaii ya haura mita 10,000, sai dai fiye da rabinsa yana cikin ruwa. Ƙololuwar da ta fi nisa daga tsakiyar duniya kuwa ta Chimborazo ce a Ekwado, saboda duniya ta fi kumbura a wajen layin ikwaita da ya raba ta arewa da kudu, kuma dutsen yana kusa da wannan layi.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Kilimanjaro, mai mita 5,895, a Tanzaniya yake, ko da yake ana hango shi daga Kenya. K2, dutsen da ke bin Everest a tsawo, yana cikin jerin tsaunukan Karakoram, ba Himalaya ba. A Turai, Elbrus na Rasha ya fi Mont Blanc tsawo. Kasfiyan tafki ne duk da ana kiransa teku, domin ƙasa ce ta kewaye shi.

Tekunan duniya biyar ake lissafawa yanzu, wato Pasifik, Atlantika, Indiya, na Kudu mai kewaye da Antaktika, da Aktik, amma ɗalibai sukan ɗauka akwai shinge a tsakaninsu, alhali ruwa ɗaya ne mai haɗe da juna. Sukan kuma zana ƙasan teku a shafe kamar faifai. Kwazazzabon Mariyana a Pasifik yana da zurfin kusan mita 11,000, wanda zai haɗiye Everest har a sami rarar kimanin kilomita biyu, kuma jerin tsaunukan da ya fi kowanne tsawo a duniya, kimanin kilomita 65,000, a ƙarƙashin teku yake, ya ninka tsaunukan Andes na Kudancin Amurka kusan sau tara.